Tambaya da Amsa: Gilashin da ke ɗaukar hasken da ido ba ya gani

A cikin wasiƙun da suka iso wannan fili a 'yan makonnin nan akwai guda huɗu da suka haɗu a kan abu ɗaya, ko da yake masu su ba su san juna ba, wato gilashi da irin hasken da yake bari ya ratsa shi. Na ga ya fi dacewa in haɗa su wuri guda, domin amsar ta farko ita ce tushen sauran. Kamar yadda muka saba, na taƙaita wasiƙun, na kuma sakaya sunayen masu su.

Tambaya: Malam, barka da ƙoƙari. Ni ɗalibin kimiyya ne a Jami'ar Bayero, ina zaune a Kabuga. An koya mana cewa zaren gilashin da ake binnewa a gefen titi domin intanet hasken infared yake ɗauka, amma kuma na karanta cewa gilashin yashi ba ya barin infared ya wuce, shi ya sa masana suke neman wasu nau'o'in gilashi. Wace magana ce gaskiya?

Amsa: Ɗana, duk maganganun biyu gaskiya ne, kuma ruɗanin ya taso ne saboda ana kiran fili mai faɗin gaske da suna ɗaya. Duk wanda ya taɓa murɗa rediyo yana neman tasha a gajeren zango, mita 31 ko mita 49, ya riga ya san cewa igiyoyin da ke yawo a iska tsawonsu ya bambanta. Haske ma haka yake, sai dai zangonsa ƙanƙane ne ƙwarai, har ana auna shi da maikiron, wato kashi ɗaya cikin dubu na milimita. Idon ɗan Adam yana gani daga kimanin maikiron 0.4 zuwa 0.7, inda launin ja yake ƙarewa. Daga nan har zuwa maikiron 1000 duk infared ake ce masa, wato hasken bayan ja. William Herschel ne ya gano shi a Ingila a shekarar 1800, lokacin da ya raba hasken rana da gilashi mai kusurwa uku ya zama kamar bakan gizo, ya ajiye ma'aunin zafi a gefen jan, inda ido ba ya ganin komai, sai ya ga ma'aunin ya hau.

Zaren intanet yana aiki ne a bakin wannan fili kawai, a maikiron 1.31 da 1.55. A nan silika, wato yashi tsantsa da aka narkar, ba ta da tsara. Zaren yana da ciki mai faɗin kimanin maikiron 9, da riga da ta lulluɓe shi har faɗinsa ya kai maikiron 125, kuma an yi cikin ya ɗan fi rigar riƙe haske, ta yadda duk hasken da ya nufi gefe sai ya dawo. Idan kana son ka ga wannan da idonka, cika kofin gilashi da ruwa, ka ɗaga shi sama da kanka kaɗan, ka leƙi saman ruwan daga ƙasa a karkace. Za ka ga ya zama madubi. Charles Kao da George Hockham ne suka nuna a 1966 cewa datti ne yake cinye haske a gilashi, kuma idan aka tsarkake shi zai iya ɗaukar saƙo zuwa nesa. Kamfanin Corning na Amurka ya tabbatar da hakan a 1970, Kao kuma ya sami kyautar Nobel a 2009. A yau zaren kirki sai ya yi tafiyar kusan kilomita 15 kafin ya rasa rabin haskensa. Irinsa ne ke cikin wayoyin ƙarƙashin teku da suka iso Legas, kamar MainOne da Glo-1 da suka fara aiki a 2010, kuma daga can yake haurowa har Kano.

To amma da zarar an wuce maikiron 2, silika sai ta fara rufe ƙofa, kafin a kai 4 ko 5 ta zama katanga. Dalilin yana cikin ƙwayoyin zarrar da aka gina ta da su. Ƙwayoyin silikon da na oksijin suna ɗaure da juna, kuma ba a tsaye suke cik ba, kullum girgiza suke yi. Idan haske ya zo da saurin bugun da ya yi daidai da tasu girgizar, ko ya yi daidai da ninki biyu ko uku nata, sai su haɗiye shi ya zama zafi. Ka dubi makaɗin kalangu: idan ya matse tsarkiya a hammatarsa sai murya ta tashi sama, idan ya sassauta sai ta sauka. Ka kuma kwatanta kalangun da tambarin Sarki, wanda girmansa da nauyin fatarsa suka sa muryarsa take da kauri. Oksijin mara nauyi ne, nauyin ƙwayarsa 16, silikon kuma 28, ga shi ɗaurin da ke tsakaninsu matsattse ne, saboda haka girgizarsu mai sauri ce, tana kusa da zangon maikiron 9, kuma jelarta tana miƙowa har zuwa 2. Mai son gilashin da zai bar haske mai dogon zango ya wuce dole ne ya nemi ƙwayoyi masu nauyi, masu sassauƙan ɗauri, waɗanda girgizarsu take can ƙasa kamar tambari. Duk binciken da aka yi shekara da shekaru a wannan fanni a kan wannan ƙa'ida ɗaya ya ginu.

Hanya ta farko ita ce a cire oksijin a sa fulorin. A 1974, a Jami'ar Rennes ta Faransa, 'yan'uwa biyu, Michel da Marcel Poulain, suna ƙoƙarin haɗa wani abu daban sai gilashi ya fito musu ba zato. Daga nan aka samo gilashin da ake kira ZBLAN, wanda sunansa harufan farko ne na alamomin sinadaran da ke ciki: zakoniyam kashi 53 cikin 100, bariyam kashi 20, lantanam 4, alminiyam 3, sodiyam 20, kowanne a haɗe da fulorin. Zarensa yana kai haske har kimanin maikiron 4, wanda aka yi da indiyam kuwa yana wuce 5. An ɗora masa buri babba a shekarun 1980, domin lissafi ya nuna zai iya fin silika tsabta nesa ba kusa ba. Dalili shi ne watsewar haske a cikin gilashi tana raguwa sosai idan zango ya tsawaita, idan aka ninka zangon sau biyu sai ta ragu sau 16, kuma wannan ne yake sa rana ta yi ja da almuru. An yi hasashen zaren da zai ƙetare teku ba tare da an ƙara masa ƙarfi a hanya ba. Har yau ba a kai ga haka ba, zan kuma faɗi dalili a amsa ta gaba.

Hanya ta biyu ita ce a sauko ƙasan oksijin a jadawalin sinadarai, inda danginsa masu nauyi suke: farar wuta mai nauyin 32, seleniyam mai 79, da teluriyam mai 128. Ana haɗa su da asenik, ko jamaniyam, ko antimoni, ana kiran dangin gilashin kalkojenaid. Rudolf Frerichs ya jawo hankali ga gilashin asenik da farar wuta a 1950, kuma zarensa yana kai haske zuwa kimanin maikiron 6. Na seleniyam yana kusantar 10, na teluriyam ya zarce haka. Abin da ya fi burge ni a wannan dangi shi ne kamanninsa. Na farar wuta ja ne mai duhu, na seleniyam kuwa baƙi ne wuluk kamar kwalta da ta daskare, ko fitilar mota aka haska masa ba za ta ratsa ba, amma ga hasken zafin jikin mutum garau yake kamar ruwan randa. Na taɓa tsayawa gaban kyamarar zafi a wani taron bita, na ga mutumin da ke kusa da ni tabaransa sun fito baƙaƙe ƙirin kamar an liƙa masa faci, sannan aka sa hannu cikin baƙar leda irin ta 'yan tireda, sai ga yatsu biyar sun bayyana sarai. Tun daga ranar na daina cewa wani abu garau ne ba tare da na tambayi wane haske ake nufi ba.

Tambaya: Assalamu alaikum. Sana'ata yankan gilashi da haɗa tagogin alminiyam a Ƙofar Ruwa, shekara ashirin ke nan. Yarona ya ba ni labarin gilashin da ake yi da farar wuta, ga ta kuwa ana sayarwa a Kurmi da araha. Shin za a iya narka irin wannan gilashi a nan gida?

Amsa: Wa'alaikumus salam, Alhaji. Na ji daɗin tambayarka, domin ta fito daga hannun da ya san gilashi, amma zan fara da roƙo: kada ka gwada, kada kuma ka bari yaron ya gwada. Abokin haɗin farar wuta a wannan aiki asenik ne, guba ce mai kisa, hayaƙinta ya fi ƙurarta haɗari, kuma farar wuta idan ta yi zafi a rufaffen wuri tana iya fasa shi. Gilashin fulorin ma sinadaransa suna ba da hayaƙi mai cin huhu da ƙashi.

Ko an kau da batun guba, wahalar aikin tana wurin tsabta. A ɗakunan binciken da ake yin sa, kowane sinadari sai an tace shi ta hanyar turarawa, sannan a zuba su a bututun silika, a zuƙe iskar ciki ƙaf, a narke bakin bututun ya rufe. Daga nan a sa shi a tanda mai lilo, tana jujjuya shi sa'o'i masu yawa a zafin da ya kai digiri 700 zuwa 900, a fito da shi a huce shi da sauri, a sake gasa shi a hankali don kada ya tsage. Duk wannan ɗawainiya saboda ruwa ne da iska. Idan haidirojin kaɗan, wanda bai wuce 'yan ƙwayoyi cikin miliyan ba, ya kama farar wuta, sai ya riƙa haɗiye haske a daidai maikiron 4, danshi kuma yana yin ɓarnarsa a kusa da 2.9. Wuraren nan kuwa su ne ake buƙata. Farar wutar kasuwa da ke cikin kwano a buɗe, tana shan ƙurar hunturu da raɓar damina, ba za ta ba da abin da ake nema ba.

Sai matsala ta biyu, wadda mai alewa ya fi kowa saninta. Idan ya dafa sukari ya kai, yakan rataya shi a ƙugiya yana ja yana ninkewa tun da ɗuminsa, domin ya san akwai ɗan lokaci ƙanƙane da abin yake miƙuwa, idan kuma dahuwar ta kuskure sai ya koma tsaki-tsaki a hannunsa. Gilashi narkakken abu ne da aka huce kafin ƙwayoyinsa su sami damar yin sahu. Silika tana da haƙuri, ana ja mata zare a zafin kusan digiri 2000 ba ta damu ba. ZBLAN kuwa yana fara laushi a kimanin digiri 260, kuma tazarar da ke tsakanin laushinsa da lokacin da zai fara tsiro da tsaki ba ta kai digiri 100 ba. Kowane tsaki da ya tsiro a cikin zaren yana watsa haske, kuma nan ne yake karyewa. Wannan ne ya hana shi cika burin da aka ɗora masa, har ta kai daga 2017 aka riƙa aika na'urorin jan zarensa zuwa tashar sararin samaniya ta ƙasa da ƙasa, bisa fatan cewa inda babu nauyi tsakin zai ragu. Gilashin kalkojenaid shi ma yana laushi ne a kusa da digiri 200, ba shi da ƙarfin silika, yana ƙarcewa cikin sauƙi, kuma abin da silika take rasawa a tafiyar kilomitoci shi yakan rasa shi a 'yan mitoci. Sassauƙan ɗaurin da ya buɗe wa haske hanya shi ne kuma ya raunana shi, ba a samun ɗaya a bar ɗaya.

Ban faɗi wannan don in karya maka gwiwa ba. Masaga na Bida sun daɗe suna narka gilashi suna yin duwatsun wuya da awarwaro, kuma binciken tarihi a Ile-Ife ya nuna an yi gilashi a can ɗaruruwan shekaru da suka wuce. Zakon da ake samo zakoniyam daga gare shi yana fitowa tare da kuza a Filato, barait mai bariyam kuma ana haƙarsa a Azara ta jihar Nasarawa. Abin da yake damuna shi ne muna fitar da su ɗanye, alhali darajarsu tana wurin tacewa. Idan yaronka yana da sha'awa, ka tura shi ya karanci kimiyyar sinadarai ko ta kayan ƙira, can ne ake koyon yadda ake taɓa waɗannan abubuwa lafiya.

Tambaya: Malam, ni ma'aikaciyar jinya ce a wani asibiti a cikin birni, ina zaune a Gwale. Idan zaren nan ba ya kai haske nesa, kuma ga rauni ga tsada, mene ne amfaninsa? Ko yana da alaƙa da bindigar gwada zafi da muke haska wa mutane a goshi?

Amsa: Malama, amfaninsa yana wurin da mita ɗaya ko biyu ta isa, kuma asibiti yana sahun gaba. Jikin mutum galibinsa ruwa ne, ruwa kuwa yana shan haske sosai a maikiron 2.94, wanda shi ne zangon lezar ebiyam, na'ura mai harba siririn haske mai ƙarfi, da likitocin haƙori da na fata suke amfani da ita. Saboda ruwan saman nama yana shanye hasken nan take, yankan ba ya nitsewa ya ƙona abin da ke ƙasa. Silika ba ta iya kai wannan haske daga na'ura zuwa hannun likita, sai an nemi zaren fulorin, ko na jamaniyam da oksijin, ko na dutsen safaya. Lezar kabon dayoksaid, wadda Kumar Patel ya ƙirƙiro a 1964, tana aiki ne a maikiron 10.6, kuma ƙarfinta yakan fi ƙarfin zaren kalkojenaid, domin da ya ɗumama sai ya ƙara shan haske har ya narke. Maganin da aka samo mai hikima ne: bututun gilashi siriri mai rami, a shafe cikinsa da azurfa, a ɗora ɗan siririn shafi na azurfa da aidin, hasken ya bi ta cikin iska yana dukan bango kamar madubi. James Harrington na Jami'ar Rutgers a Amurka ya yi fice a wannan aiki.

Amfani na biyu, wanda a ganina ya fi muhimmanci gare mu, shi ne gane abu ta hanyar hasken da yake sha. Kowane sinadari yana da zangon da yake haɗiyewa, kamar yadda kowane mutum yake da zanen yatsansa: iskar metan a maikiron 3.3, kabon dayoksaid a 4.3, gubar hayaƙin janareta a 4.6. Idan aka cire wa zaren kalkojenaid riga a wani ɗan yanki aka tsoma shi cikin ruwa ko jini, hasken da ke tafiya a ciki yana ɗan leƙowa waje ya taɓa abin, kuma zangon da ya ɓace a ɗaya bakin shi zai faɗi abin da ke ciki. Yanzu har ana shimfiɗa wannan gilashi a kan ɗan faifan silikon a zana masa magudanun haske, na'urar duka ba ta fi farce ba. A 2014 masu bincike daga Denmak da Jami'ar Nottingham sun fitar da haske daga zare ɗaya da ya mamaye maikiron 1.4 zuwa 13.3. Duk lokacin da na bi ta Sharaɗa ko Challawa na ga ruwan masana'antu yana gangarawa, ko na ji labarin iyalin da hayaƙin janareta ya kwana da su, nakan yi tunanin ranar da irin waɗannan na'urori za su yi arahar da hukumomin lafiya da na muhalli za su riƙa yawo da su a aljihu.

Bindigar zafin kuwa babu zare a cikinta, amma ƙa'idar ɗaya ce. Fatar mutum tana fitar da haske mafi yawa a tsakanin maikiron 9 da 10, saboda haka idon na'urar ba gilashin taga ba ne. Shi ya sa ba a gwada zafin mutum ta bayan gilashin mota ko na kanta, domin zafin gilashin za ta karanta, kuma idan bakinta ya yi ƙura ko maiƙo karatun zai sauka. Manyan kyamarorin zafi suna amfani da jamaniyam, ko gilashin kalkojenaid da aka matsa ya ɗauki siffar da ake so, wanda ya fi araha.

Tambaya: Ina gyaran waya a kasuwar Farm Centre. Idan na danna rimot na duba ta kyamarar waya ina ganin haske yana ƙyaftawa. Zan iya gwada zaren intanet haka in san ko yana aiki?

Amsa: Ɗan'uwa, ba za ka iya ba. Rimot yana haskawa ne a maikiron 0.94, idon kyamarar waya kuma na silikon ne, ganinsa yana ƙarewa a kimanin 1.1. Hasken zaren da ke shiga gidaje da ofisoshi yana tsakanin 1.31 da 1.55, saboda haka kyamara za ta nuna maka duhu ko da zaren cike yake da haske. Haɗarin kuma a nan yake, domin mutum yakan ɗauka babu komai sai ya kai bakin zaren kusa da idonsa, ido kuwa ba ya ƙiftawa ga abin da bai gani ba. Ka nemi ƙaramar na'urar auna ƙarfin haske da masu ɗaura zaren intanet suke riƙewa, ka saita ta a zangon da ya dace, idan kuma karaya kake nema ka cire zaren daga na'ura ka yi amfani da biron jan haske. Guntayen zaren da ka yanke ka tattara su a kan salatif ka zuba a kwalba mai murfi, domin idan ɗaya ya shige yatsa ba a ganinsa, balle a cire shi cikin sauƙi.